Fulawa a Kan Mariƙi

Tun ranar Laraba Manaja ba ta da sukuni. A ranar ce 'yarsu, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta, ta bugo waya ta ce an samu gado.

"Gadon me?" in ji Manaja, alhali ta sani sarai.

"Mama, kin san gadon da nake nufi. Gidan kula da masu ciwon mantuwa. Sun ce in ba mu karɓa ba zuwa Litinin za su ba wani. Zan zo ranar Lahadi da hantsi in ga Baba da idona. In na same shi lafiya, shi ke nan, na yaga takardar. In kuwa na ga wani abu, Mama, kada ki ce ban gaya miki ba."

Gidan da ake magana mai kyau ne, kowa ya shaida. Akwai lambu, akwai likita, ga ma'aikata masu fara'a. Aibinsa ɗaya: mai ciwo kaɗai suke karɓa. Matarsa sai dai ta zo ziyara ranar Lahadi, awa biyu, a buga ƙararrawa ta tashi. Shekara arba'in da huɗu suna kwana ɗaki ɗaya, yanzu a ce awa biyu!

Ita dai ba ta taɓa zama manajar komai ba, ɗinki ta yi har idanunta suka gaji. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana girki a wani babban otal, kuma ya rantse a duk manajojin da suka zo suka wuce babu wanda ya takura masa kamarta. Ita kuma ta rama da kiransa Kuku, har 'ya'yansu suka taso suna jin haka, har maƙwabta suka ɗauka.

Abin ya fara ne bara, a hankali. Makullin gida a cikin firji. Sunan maƙwabcin da suka yi shekara ashirin tare ya ɓace masa a tsakiyar gaisuwa. Sai buta a kan gas har ta ƙone ta yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya cika gidan. Na watan jiya ne ya fi tayar mata da hankali. Ta shigo ta same shi ya zuba fulawa cokali uku a shayi, yana juyawa, yana mitar cewa madarar yanzu ba ta da kirki. Mutumin da a da yake gane irin fulawa da taɓawar yatsa kawai! Ta karɓe kofin ta zubar, ta goge teburin, ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska. Tun daga ranar, in ta ga farin gari a inda bai kamata ba sai gabanta ya faɗi.

Duk abin nan, in Nas ta tambaya, amsa ɗaya ce. "Ni ce na bar butar." "Ni ce na sa makullin, hankalina na wani wuri." Ta yi ƙaryar har ta saba da bakinta. Nas kuwa ba yarinya ba ce.

Da Manaja ta gaya wa Kuku maganar gadon, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon hannayensa, sannan ya ce, "Zan yi mata wainar ƙwanta. Ta zo ta ci, sai ta faɗa mini wanda ya lalace."

Wainar nan tana da tarihi a gidan. Nas tana 'yar shekara shida ta ga an yanka kazar da ta raina, daga ranar ta ce ita da nama har abada, kuma ba ta karya ba. An yi lallashi, an yi tsawa, a banza. Sai uban ya fara yi mata wainar ƙwai mai kauri irin wadda yake yi wa baƙin otal, cike da ganye da cuku, a fara ta a kan wuta a ƙarasa ta a cikin obin, wato tanderun gas. Duk Lahadin da yake hutu sai ya yi, har ta yi aure ta bar gida.

Ranar Lahadi da safe gari ya tashi da hadari, bai yi ruwa ba, bai kuma washe ba. Kuku ya ɗaura farin ƙyallensa na aiki wanda ya yi shekaru a ninke. Manaja ta tsaya a bakin ƙofar kicin da tsummanta mai kauri a hannu, wanda take ninkawa huɗu ta soke a ƙugu.

"Kin zo duba ma'aikata ne, ranki ya daɗe?"

"Na zo in ga ko za a kore ka," ta ce, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ya fara fasa ƙwai da hannu ɗaya, yana jera ɓawon a cikin kwalinsa, ɗaya bayan ɗaya, don in ya waiwaya ya ga nawa ya fasa. Takwas. Ya zuba madara kaɗan, ya ɗebi gishiri, sannan ya ɗauke gwangwanin gishirin daga damansa ya ajiye a hagu. Haka yake yi tun yana saurayi. Gishiri a dama, ba a zuba ba. A hagu, an zuba. A kicin ɗin otal da mutum goma sha biyu ke aiki cikin hayaniya, ba wanda ke dogara da kansa, da alama ake aiki. Waɗannan alamomin ne suka riƙe shi a shekarar nan da kansa ya fara yi masa gardama.

Babbar cikinsu ita ce ta fulawa. Kaskon da ya fito daga obin mariƙinsa wuta ne, amma ido ba ya ganewa, baƙi ne da zafi, baƙi ne da sanyi. Don haka duk wanda ya fito da kasko sai ya barbaɗa fulawa a kan mariƙin. Ka ga fari, ka nemi ƙyalle. Ba ka ga fari ba, ɗauki abinka, ba a tambaya. Kuku yana da tabo a tafin hannunsa na dama tun shekararsa ta farko a otal, ranar da wani abokin aiki ya manta. Manaja ta ji labarin nan ya fi sau ɗari, har tana iya ƙarasa masa shi.

Ya yanka albasa siri-siri, wuƙar na tafiya kamar da. Ya yanka jan tattasai, ya yanka naman kaza, tsiron nan mai kama da laima, ya tsinke alayyafo ya wanke ya matse ruwan da ƙarfi. Manaja ta fara jin numfashinta na daidaita. Sai kawai wuƙar ta tsaya a sama.

Ya dubi kayan da ke gabansa. Ya dubi kwanon ƙwan. Ya juyo ya dube ta, idanunsa fayau, babu komai a cikinsu.

"Wa muke jira?"

"Nas," ta ce a hankali. "'Yarka. Za ta zo karin kumallo."

"Na sani mana," ya ce da ɗan zafi. "Gwada ki nake."

Ya ci gaba. Amma wuƙar ba ta koma yadda take ba, kuma Manaja ta ga gumi ya tsattsafo masa a goshi ko da yake ba a kunna wuta ba tukuna.

Ya ɗora baƙin kaskon ƙarfen nan mai nauyi, wanda ya girmi duk 'ya'yansu. Mai ya yi zafi, albasa ta shiga ta yi laushi, sai tattasai, sai naman kaza har ruwansa ya ƙafe, alayyafo a ƙarshe. Ƙamshi ya cika gidan. Ya miƙa hannu gefe yana kaɗa yatsu.

"Ba ni abin nan. Abin nan fa. Fari. Wanda ake gogawa."

"Cuku."

"To me na ce?"

Ta miƙa masa. Ya goga, ya zuba rabi a cikin ƙwan ya ajiye rabi. Sannan ya durƙusa gaban obin ya murɗa gas ɗin. Ta ji shi yana huci, sss. Ashanar na hannunsa, bai ƙyasta ba. Yana kallon cikin obin ɗin kamar ya ga wani abu a can. Warin gas ya iso hancinta. Ta buɗe baki ta rufe, don ta san in ta yi magana yanzu zai karaya, in ya karaya kuma an gama. Ta ƙirga a ranta. Biyar. Shida. Bakwai. Ya ƙyasta. Wutar ta kama da ƙara, fuu, har gashin hannunsa ya ɗan babbake.

"Obin ɗin nan ya tsufa," ya ce, bai dube ta ba.

"Ya tsufa," ta ce.

Ya juye ƙwan a kan ganyen, ya rage wuta, ya bar shi har gefe ya fara kamawa tsakiya na rawa. Ya jera yankakken tumatir a sama, ya barbaɗe sauran cukun, ya tura kaskon cikin obin ya rufe. Ya dubi agogon bango ya faɗa da ƙarfi don ta ji, "Minti goma sha biyu." Sannan ya tsaya a gaban obin ɗin ƙyam, bai zauna ba, bai ɗauke ido daga agogon ba.

Manaja ta fita ta shirya tebur. Faranti uku, kofi uku, burodi, butar shayi. Ta sauya wa kujeru wuri ta mayar da su. Daga kicin ta ji ƙofar obin ta buɗe, ta ji nauyin kaskon ya sauka a kan murhu, ta ji an kashe gas. Ta ce alhamdulillahi a fili. A daidai lokacin ta ji hon ɗin mota a ƙofar gida, sau biyu, irin na Nas.

Ta ruga kicin. Fulawa ko'ina. A kan murhu, a ƙasa, a gaban rigarsa, gwangwanin a buɗe a gefe ya kusa faɗuwa. Hannunsa na rawa a kwanakin nan, in ya ɗebi kaɗan sai ya zubar da yawa, amma Manaja ba ta tsaya tunanin wannan ba. Kofin shayin nan na watan jiya kawai ta gani. Ya sake, ta ce a ranta, ya sake, kuma yau!

"Je ka sauya riga. Maza. Ga ta nan ta iso."

"A bar ta ta huta minti goma kafin a yanka," ya ce yana nuna wainar.

"Na ji. Je ka!"

Yana fita ta zare tsumman daga ƙugunta. Ta share murhun, ta share bakin tebur, ta bi ta kan mariƙin kaskon da shara ɗaya, ta durƙusa ta kwashe na ƙasa, ta rufe gwangwanin ta cusa shi can ƙuryar kabad. Kafin Nas ta gama rufe motarta kicin ɗin ya yi fes. Ita kanta wainar ta taso, ta yi ruwan zinariya, cukun na ƙyalli a sama. Manaja ta soke tsumman a ƙugu ta tafi buɗe ƙofa.

Nas ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta durƙusa ta gaida uwarta, idanunta kuwa suna yawo a falon. Ta ajiye jakar a kan kujerar da ke kusa da ita. Bakin wata farar takarda ya leƙo daga ciki, Manaja ta kawar da kai.

Kuku ya fito da sabuwar riga, maɓallan duk a daidai.

"A'a, Sista da kanta! An zo duba marasa lafiya?"

"Baba, ina kwana? Na zo cin abinci ne kawai." Ta shaƙi iska. Fuskarta ta sauya. "Baba, wainata ce?"

"Ta wa kuma? Akwai wani mai gudun nama a gidan nan bayan ke?"

Suka zauna. Nas ta fara 'yan tambayoyinta, tana yi kamar hira ce. Yau wace rana? Ya ce Lahadi, ranar da ake cin abincin mutane kyauta. Ta tambayi sunan mijinta, ya faɗa, ya ƙara da cewa har yanzu bai yafe masa kifin da ya ƙona a gabansa ba. Ta tambayi me ya sa a wainar, ya lissafo mata tsaf, har da cewa ya matse alayyafon don kada ya yi ruwa. Nas ta yi dariya, ta gaske, ta cire mayafinta ta rataya a bayan kujera, sannan ta tura jakar nan ƙarƙashin tebur da ƙafa. Manaja ta ga wannan. Wani daɗi ya taso mata har sai da ta riƙe bakin teburin.

"To, ta huta haka nan," in ji Kuku. Ya miƙe. "Ku zauna, baƙi ba sa shiga kicin."

Manaja ta ɗauki buta ta fara zuba shayi. Ɗigo biyu suka zuba a kan tebur. Ta zaro tsumman ta goge, sai ya bar farin layi a kan katakon. Ta tsaya tana kallon layin. Ta juya tsumman. Fari fat, kuma a tsakiyar ninkin akwai wani dogon tabo ruwan ƙasa inda zafi ya lashi ƙyallen.

Ba rikicewa ya yi ba. Alama ya sa.

"Kuku!" Butar ta kife. "Kuku, kada ka..."

Ba su ji ihu ba. Wani sauti suka ji daga maƙogwaro, gajere, sai takun ƙafa. Ya fito daga kicin ɗin da kaskon a tsurar hannunsa na dama, ba ƙyalle, haƙoransa a datse, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Duk wani mai hankali da ya saki. Amma shekara talatin da ɗaya an koya wa hannun nan cewa ba a yar da abincin baƙo. Taku huɗu ya yi har tebur, ya ajiye kaskon a hankali a kan katakon da aka tanada, sannan ya buɗe yatsunsa. Fatar tafin ta yi fari, ta tattare.

Nas ta riga ta kama shi. Ta ja shi zuwa famfo ta sakar masa ruwa, tana riƙe da wuyan hannun. Fuskar asibitin nan ta dawo. Manaja ta tsaya a bayansu.

"Ni ce," ta ce. "Wallahi ni ce. Ya sa fulawar, ni na goge. Na ɗauka zubarwa ya yi. Ya sa, Nas, bai manta ba!"

Nas ba ta juyo ba. "Butar ma ke ce, Mama."

"Wannan dabam ne!"

"Makullin ma ke ce. Ranar da aka tsince shi a tashar mota kin ce ke kika aike shi."

"Waɗancan ƙarya na yi, na yarda, ƙarya na yi! Amma wannan gaskiya ce. Ga shi, duba!" Ta miƙa tsumman har yana taɓa kafaɗar 'yarta. "Kuku, gaya mata. Ka tuna ai. Ka fito da kaskon, ka kashe wuta, ka ɗebi fulawa. Gaya mata mana!"

Ya juyo da kansa a hankali. Ta ga yana nema. Ta ga yana lalube a cikin kansa da gaske, goshinsa a tattare, ruwa na zuba a kan hannunsa. Ya dubi tsumman, ya dubi murhun da ke ƙyalli, babu ko ƙwayar gari. Bai samu komai ba.

"Manaja," ya ce, muryarsa a sanyaye, "ya isa."

"Na rantse maka..."

"Tsumman nan naki kullum da fulawa yake a 'yan watannin nan. Kina bina kina gogewa, kin ɗauka ban gani? Da na sa alama da na ganta. Hannuna bai taɓa kama mariƙi mai fari ba." Ya mayar da idonsa kan hannunsa. "Kin gaji da yi mini ƙarya. Ni ma na gaji da ji. Yau hannuna ne. Gobe in naki ne fa?"

Duk rantsuwar da Manaja take da ita ta riga ta kashe ta a kan buta da makulli.

Nas ta naɗe hannun da bandeji daga akwatin motarta, ta ce dole a je asibiti a duba shi yanzu, ƙunar ta yi zurfi. Kuku ya ce ba inda za shi sai ta ci. Ta yanka yanki ɗaya a tsaye. Wuƙar ta fito tsaf, cikin ya nuna daidai, ja da kore a jere, bai yi ruwa ba, bai bushe ba. Ta kai baki ta tauna, hawaye na zubo mata.

"Gishiri fa?" ya tambaya.

"Daidai, Baba."

"To ɗauko takardar taki."

Da hannun hagu ya sa hannu, harafin a karkace. Manaja na zaune tana kallo, shayin da ya zube ya jiƙa mata zane ba ta ma ji ba.

Nas ta fita tayar da mota. Ta ce gobe da safe za ta dawo da akwati. Kuku ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya, ya juyo, ya wuce kicin. Manaja ta ji yana buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe. Ya fito da fulawa a tsakanin yatsun hagunsa, ya zo tebur, ya barbaɗa ta a kan mariƙin kaskon tun daga tushe har ƙarshe, a nutse, yadda aka koya masa.

"Kada ki taɓa," ya ce. "Da zafi."

"To," ta ce.

Bayan motar ta tafi ta ɗora tafin hannunta a gefen kaskon. Ya daɗe da hucewa. Ta kwashe faranti uku ta mayar, ta goge shayin, ta wanke kofunan. Kaskon kuwa ta bar shi a inda yake, da fulawarsa.